Kwanar Doña Fresia

Shekara goma sha ɗaya ina hawan tudun nan da ribas,
don layinmu a Valparaíso ba ya barin mota ta juya.
Hagu katanga, dama matakala,
can ƙasa teku yana wanke jiragen wasu.
Kowane dare kwanar gidan Doña Fresia
sai ta ɗan lashi gefen motata
kamar mai karɓar kuɗin ƙofa.

Robar nan baƙa ce wuluk ranar da na sayi motar.
Rana ta sha rabonta, gishirin teku ya suɗe saura,
ta riga ni yin furfura,
ga zane tun daga bamba har ƙofar baya.

Asabar ɗin nan na ce, yau dai.
Bokiti, sabulu, tsohon buroshin haƙori.
Na wanke, na tsane da tsumma,
na goge da sifirit har maiƙon shekaru ya fita,
na bi bakin fenti da salatif
kada garin neman gira in rasa ido.

Sai na sa farce.
Nibaldo na garejin bakin tasha ya koya mini:
zanen da farce ya wuce salin-alin zai ji magani,
wanda ya riƙe farce kuwa, ku saba da juna.

Samfefa mai laushi, a jiƙe,
sannu sannu, kamar ana shafa kan jariri,
don robar tana da 'yan ƙwayoyin fata nata na halitta,
in ka cinye su, wurin ya yi sanƙo har abada.

An ciza, sai a hura.
Na jona na'urar zafi ta tagar kicin,
taƙi guda tsakanin bakinta da roba,
hannu yana kai da komo, ba tsayawa.
Baƙin da ya ɓuya ya fara tasowa kamar zufa.
Wani jirgi ya yi kuka a tashar ruwa, na waiga,
daƙiƙa uku kacal,
wurin ya narke, ya yi ƙyalli,
girman dangwalen babban yatsa.

Ina cikin tsaki sai ga takun silifa.
Doña Fresia ce, gwangwanin fenti rawaya a hannu,
ta ɗaure kai da tsohuwar rigar mijinta.
Ta dubi mota, ta dubi kwanarta, ta ce,
"Hernaldo, baƙin da kake nema
duk yana nan jikin bangona."

Muka juya wa juna baya, kowa da aikinsa.
Ita tana binne sawuna da buroshi,
ni ina shafa baƙin rini da soso,
shafi ɗaya, a jira ya sha iska, a ƙara.
Da la'asar ta miƙo burodi da fiya.
Muka ci a tsaye, hannuwa duk launi.

Zane ɗaya ya ƙi tafiya,
mai zurfin nan na kusa da taya,
na daren da naƙuda ta kama Ximena
na gangara ban kunna fitila ba.
Yarinyar yanzu tana aji biyar.
Na shafa masa rini kawai, na ƙyale shi.

Da magariba gas ya ƙare.
Na sauka na sayo tukunya,
na dawo, na sa ribas, na riƙe numfashi,
ido a madubi, ƙafa a birki,
kamar mai zura zare a allura.

Ƙiii.

Hali zanen dutse.

Da safe ga layin rawaya a kan sabon baƙina,
ga layin baƙi a kan sabon rawayarta,
tsayinsu ɗaya.
Ta leƙo ta taga, kofin shayi a hannu,
ta daɗe tana kallo.
"Na rage fenti a gwangwani," in ji ta.
"Kai fa, akwai sauran rini?"