Yatsan Baba Rabe

A Rafin Daɗi, bayan la'asar,
in inuwar bedi ta kai bakin kwata,
Baba Rabe kan jawo kujerar roba
ya zauna kallon yara suna tamaula.
Yatsansa na tsakiya, hannun dama,
ya karkace kamar lauje.
Mun taso muna cewa saniya ce ta taka shi,
tunda shekara talatin yana likitan shanu.

Ashe ba saniya ba ce.

Ran da Mannir ya ɗaɗa ƙwallo sama
ta nufo kaskon mai ƙosai,
tsohon nan ya miƙe, da idona na gani,
ya cafke ta a iska da hannu biyu,
ya rungume ta kamar jinjiri,
ya taka ɗaya, biyu, uku, huɗu,
ya sake ta kan ƙafa, ta komo tafinsa.
Yara suka ɗau ihu: "Hannu! Baba, hannu ne!"
Ya yi dariya har hula ta zame.
Ya ce, "Inda na buga tawa, hannu halas ne."

Gwamnati ce ta tura shi karatu Ailan,
ƙasar da ruwa ba ya sallama kafin ya zubo.
A wani ƙauye, mai tumakin da yake duba wa kofato
ya ɗaga kai ya dube shi, dogo kamar giginya,
ya ce, "Lahadi ka zo fili."

Mutum sha biyar kowane ɓangare.
Turaku biyu dogaye, sanda a gicciye:
ta bi ta sama, maki ɗaya,
ta shige raga, uku.
Ba albashi, ko sisin kwabo.
Mahauci ne a gola, mai kai wasiƙa a baya,
kowa ƙauyen da yake kwana yake buga wa.
Sunansa ya gagari harshensu,
sai suka bar shi a Dogon Tsakiya, da nasu yaren.

Shekara biyar yana tashi sama cikin taɓo.
Ya buga da azumi a bakinsa
a inda rana ke ƙin faɗuwa sai goman dare.
Ya ce sanyin can ba fata yake nema ba,
ƙashi yake tambaya.

Sai wasan ƙarshe na kofin gunduma.
Ana binsu maki ɗaya, alƙali na duban agogo.
Ƙwallo ta taso, ya bi ta,
ya ji ƙas a yatsa, bai saki ba.
Ya sauka, ya juya, ya buga.
Ta tafi sak, ta tafi,
iska ta zo ta ture ta da kafaɗa.
Taƙi ɗaya tsakaninta da turke.

Ba wanda ya ce masa uffan.
Uwar mahaucin ta saƙa masa rigar sanyi,
kore da fari, kalar ƙauyen.
Tana nan a akwatin ƙarfe,
asu ya cinye hannu guda.
Hajiya Tabawa ta so yin tsumma da ita sau biyu,
sau biyu aka kwana ba a yi hira ba.

Duk Katsina, daga Ƙofar Sauri har Ƙofar Ƙaura,
ba mai ce masa "ka tuna?"
Abin da ya fi yatsan ciwo ke nan.

Jiya ya aike ni kasuwa in sayo gora biyu.
Muka ɗaure su kan turakun yara da tsohuwar roba.
Magariba ta kawo jiki, gwiwa na rawa,
ya tura ni gefe, ya saki ƙwallo, ya buga.

Ta bi ta tsakani, ta faɗa gidan Sada tela.

Bai yi ihu ba.
Ya ɗaga karkataccen yatsan nan sama,
ya ce, "Ɗaya.
Shekara arba'in da shida ana bina shi."
Sannan ya ce in kawo masa buta.