Rumfar Arzika Mai Rediyo

A Mokoyo, bayan masu ƙuli-ƙuli,
shekara hamsin ina buɗe cikin rediyo.
Kowanne da irin ciwonsa.

Mai fasasshen goshin nan na Nomau ne.
Ran da gari ya waye da badujalar soja,
ba gaisuwa, ba labaran asuba,
ya zaci lalacewa ce, ya maka shi da ƙasa.
Na duba, na ce: lafiyarsa lau,
ƙasar ce aka juya.
Sau nawa bayan nan? Na bar ƙirga.
Na dai san batir kan yi tsada a irin ranar.

Wancan jan, kunu ya sha
daren da takobin kokowa ya kwana Maraɗi.
Tsahara ta rangaɗa guɗa, ƙwarya ta kife.
Har yau in ya yi zafi yana ƙanshin tsamiya.

Shekarar taron ƙasa kuwa,
mutum ashirin, kunne ɗaya, a rumfar nan.
Kafin damina kowa ya yi jam'iyya,
aka raba benci, aka karya mini eriya.

Lasifikar silimar da ta sa mu kuka da Indiyanci
tana kasuwa yanzu, tana tallar maganin basir.

Jiya jikana ya miƙo waya:
"Kaka, duk tarihin yana ciki."
Na juya ta gaba, na juya ta baya.
Ban ga inda ake kwancewa ba.