Tukunyar Yashi

Ranar da muka dawo daga Shika,
takardar likita na ƙulle a bakin zanena,
Baban Rumasa bai ce uffan ba har Kwangila.
Can ya ce, "Har shayi ma?"
Na ce, "Har shayi."
Ya bi masu rake da kallo ta tagar mota
kamar mai sallama da dangi a tasha.

Muna isa Gyallesu
na kai gwangwanin sukari saman kabad,
can inda sai an taka kujera.

Ba ni da murhun zamani.
Tukunyar da Goggo Dela ta bar mini,
wadda gindinta ya gaji da tuwo,
ita na zuba wa yashin Kubanni, wankakke,
na ɗora bisa gawayi,
na ce mata: yau aikinki ya sauya.

Alkama na kai inji da dusarta.
Yaron injin ya ce, "Ba a surfe?"
Na ce a bar ta da rigarta.
Ayaba biyu da suka yi baƙi,
irin waɗanda bara sai dai akuya,
ƙwai uku, man gyaɗa a bakin ludayi,
'yar citta don hanci ma ya samu rabo.
Dabino bakwai na jiƙa tun asuba.

Bakwai fa na ce.
Ina waiwayowa, huɗu.
Rumasa'u na tsaye, shekara uku da wata biyu,
kumatu a cike, ido a rufin ɗaki.
Ta ce, "Mage ce."
Ba mu da mage.

Wai ita ce mai juyawa.
Muciya ta kusa tsayinta.
Gari a gira, gari a kunne,
gari cikin kitson da ya ci mana yinin jiya,
tana ƙirge: ɗaya, biyu, biyar, goma,
ta sake komawa biyu
saboda biyu ta fi daɗin faɗi.

Na farko bai tashi ba.
Babanta ya ƙwanƙwasa shi, ya kara kunne,
ya ce a adana,
in an tashi gyaran ganuwa wajen Ƙofar Doka
mu ma mu kai gudummawa.
Na yi dariya don kada in yi ɗayan.
Kaji ma sai da suka yi shawara.

Na biyu ya tsage kamar fadama da rani.

Na uku, Laraba, ruwa na tsuga.
Na rage garwashi,
na zauna a kan hannuwana kada su buɗe murfi.
Ashe haƙuri ma kayan haɗi ne,
ba a dai auna shi da cokali.
Ƙamshi ya haura katanga
har Maman Zinatu ta aiko a ji
ko suna ake yi ba a gayyace ta ba.

Na yanka masa siriri, yadda aka ce,
babu ƙari ko ya marairaice.
Ya tauna a hankali.
Bai ce ya kai na kanti ba, ba ya ƙarya.
Ya dai lashi yatsa ya bi faranti
yana tsince ɓurɓushi ɗaya-ɗaya.

Ragowar kwaɓin kuwa, na ƙara wa gari,
Rumasa ta mulmula wani abu
mai ƙafa uku da kunne ɗaya babba.
Shi ma ya shiga tukunya.
Da ya huce ta ɗauko da hannu biyu,
ta ce, "Baba, ga magen da ta ci dabino."
Ta ɓalle kunnen ta ba shi,
sauran ta hukunta shi da kanta.

Bayan isha ruwa ya ɗauke.
Ta yi barci a cinyata ban wanke mata kai ba.
Na miƙa hannu zan kife tukunya,
na ji yashin da sauran ɗuminsa.
Na bar tafina a ciki,
ina lissafin dabinon gobe:
bakwai na kwaɓi,
uku na mage.