Waƙafin da Ya Ɓace

Da rana ni mai lissafi ne a Mil Sha Biyu,
ina ƙirga buhunan albasar Alhaji Barau
tsakanin ihun 'yan dako da tsamin tumatirin da ya kwana.
Da dare kuwa, a ɗakina na Agege,
in jirgin ƙasa ya wuce ya gama girgiza kofin shayina,
sai in buɗe tsohuwar kwamfutar da na saya a Ikeja,
wadda harafin K ɗinta ya fita kamar haƙorin yaro,
na manna masa guntun roba.

Ni ba injiniya ba ne.
Babu kamfanin da ya san sunana.
Na dai gano cewa ƙarfe yana jin magana
in ka yi masa ita daki-daki.

Ɗan farina layi goma sha ɗaya ne kacal.
Ka ba shi yawan buhu da kuɗin mota daga Aliero,
ya cire la'ada, ya cire na masu sauke kaya,
ya faɗi riba, ba kara, ba kwana-kwana.
Alhaji ya leƙa ya ce, “Wannan abin ba ya karɓar na goro?”
Na ce ko ruwa ba ya sha.

Na biyu ɗan sa ido ne.
An kawo wuta, ya rubuta.
An ɗauke, ya rubuta.
Wata uku muna tara shaida, ni da shi,
wai mu gano tsarin Nepa.
Da ya zana mini sakamakon
sai ka ce kaza ta bi ta kan ɗanyen siminti.

Na uku shi ya ja mini zagi.
Na ce ya riƙa aika wa Ladidi saƙo a Yawuri
ƙarfe bakwai na safe: ki ba Inna maganin hawan jini.
Na manta ban ce masa ya tsaya ba.
Sau arba'in da huɗu ya aika.
Ladidi ta kira: “Tanimu, Inna ta sha,
amma yanzu ni ce jinina ya hau.”

Daren jiya kuma komai ya ƙi.
Jan rubutu ya cika allo,
janaretan maƙwabta yana tari,
Iya Tope tana suyar kifi a tsakar gida, hayaƙi har cikin idona.
Na karanta daga sama zuwa ƙasa,
na karanta daga ƙasa zuwa sama,
na zargi batir, na zargi data,
na zargi sauron da ya sauka kan layi na ashirin da bakwai.
Da na kore shi,
nan ne ma.
Waƙafi ɗaya, bai kai ƙwayar gero ba,
shi ya riƙe ni har kiran assalatu.

Na saka shi.
Abin ya tashi sumul, kamar ba shi ba.
Babu wanda ya tafa.
Na yi dariya ni kaɗai, a hankali,
don kada in tashi Mamuda da ke barci a tabarma,
takalminsa na aiki a ƙarƙashin kai.

Akwai ɗaya da har yau ban gama ba.
So nake ya gaya mini tun da asuba
ko akwai gosulo a hanyar Ikorodu.
Na ba shi ruwan sama, na ba shi ranar mako,
na ba shi tirelar da ta mutu a Ketu.
Kullum amsarsa ɗaya: akwai.
Ban sani ba ko kuskure ne,
ko shi ma ya zama ɗan Ikko.

Gari ya waye.
Na rufe kwamfuta, na rataya jaka.
Albasa ba ta jira.
A cikin danfo, an matse ni da kwandon wata,
ina rubuta layi na gaba a bayan hannuna.