Ayabar Kawu Ɗanliti

A bayan ɗakin girki, a gidanmu na Dandago,
inda ruwan alwala ke gangarawa rariya,
nan Kawu Ɗanliti ya dasa ayabarsa.
Goggo Tasalla ta ce, "Ga 'Yan Lemo can,
motoci na jibge ta tuli-tuli daga Kudu,
wa ya aike ka da wahala?"
Bai tanka ba. Ya ƙara taki, ya karkaɗe hannu.

Ni ya ba wa labarin, ina riƙe masa buta.
Shekara shida ya yi a Rasha, karatun injuna,
inda rana ke leƙowa kamar wadda ake bi bashi,
ta ga mutane, ta koma.
Wani ɗan Kuba ya ba shi tsiro a gwangwani,
ya mayar da shi bokiti, gefen bututun ɗumama ɗaki,
yana ba shi ragowar shayi,
yana yi masa Hausa, don babu mai jin ta sai shi.
Tsohuwar da ke gadin bene kullum sai ta tambaya,
"To, ina 'ya'yan?"
Ganye bakwai ayabar ta yi, duk koɗaɗɗu.
Na takwas ya fito a naɗe,
har ya haɗa akwati bai buɗe ba.

Sau ɗaya ya ci ayaba a can.
Layin awa biyu cikin dusar ƙanƙara,
ya samu guda, koriya shar.
Su huɗu suka raba ta da reza.
Ya ce ɗanɗanonta kamar sabulu,
amma daren nan ya yi mafarkin Kurmi.

Da sanyin Janairu ya kama Kano
muka wayi gari ayabarmu sanye da kwat,
tsohon kwat ɗinsa mai gashi a wuya,
an ɗaure shi da igiyar guga.
Maƙwabta suka hau katanga suna dariya.
Ya ce, "Ku ba ku san sanyi ba,
ita ma ba na so ta sani."

Akwai kuma 'ya'yan tuffa a firjin Goggo,
cikin jiƙaƙƙen tsumma, bayan robar zoɓo.
Wai sai sun ɗanɗana hunturun ƙasarsu
za su yarda su tsiro.
Wuta ta zo, wuta ta tafi.
Ɗaya ya tsiro. Zafin Afrilu ya ƙone shi.
Kawu ya daɗe tsugune a kan tukunyar.
Ya ce, "Baƙo ne. Na san abin da ya ji."

Wata goma sha huɗu, sai ga fure ya zubo,
ja mai duhu, da nauyi kamar zuciyar sa.
A bayansa nono ɗaya,
'yan gajeru, ba su kai yatsan Kawu ba.
Na ƙirga, ashirin da uku.
Ko naira ɗari ba za a taya su a kasuwa ba.

Lokacin likita ya riga ya raba shi da zaƙi.
Ya ɓare ɗaya a hankali, kamar mai buɗe wasiƙa,
ya gutsuri kan, daidai ƙwayar gyaɗa,
ya rufe ido, bai tauna ba.
Muka yi shiru har ladan ya kira la'asar.
Sauran ya miƙa wa Goggo.
Ta ci, ta ce, "Ba laifi,"
ta juya baya ta ɗauki ta biyu.

Washegari ya wasa adda ya sare uwar,
don ayaba ba ta haihuwa sau biyu.
Na ce, "Kawu, duk wahalar nan?"
Ya nuna min gindin da ƙafa:
ɗa ya riga ya fito, ganyensa a naɗe.
Ya cire kwat daga ƙusa, ya auna shi a kafaɗata.
Ya yi min yawa.
Ya ce, "Ajiye. Janairu na nan tafe."