Alli Kafin Almakashi

Shekara ashirin da biyu ina kan keke a Mokoyo,
ban taɓa sa almakashi a shaddar mutane
ban ja alli ba.
Shi ya sa da likita Lawali ya ce wuƙa ta jira,
a fara ɗaukar hoto,
ban yi musu ba.
Tsahara ƙanwata ce ta yi:
ƙullutun ga shi nan, yatsa ma na jin sa,
jika nawa za mu zuba
don a nuna mana abin da muka sani?

Buhun gyada biyu suka tafi.

Ɗakin da duhu. Aka shafa mini mai mai sanyi.
Yarinyar da ke riƙe da na'urar ta yi shiru,
irin shirun da nakan yi
in na warware yadi na tarar asu ya ci ta ciki.
A allon, nonona ya koma gulbi da dare.
Ga dutsen da muka sani.
Can bayansa, wajen hammata,
wani ɗan ƙarami kamar ƙwayar wake
wanda yatsa bai taɓa gaisawa da shi ba.

Da an yanka ran Talata yadda muka so,
da an ɗinke ni da shi a ciki.
Haule ta layinmu sau biyu ta hau gadon nan.
Ni na san ɗinkin da aka farke:
ko an mayar, ramukan allura na nan.

Da safen aiki ya zana mini da biro shuɗi.
Layin ya fi na farko tsawo.
Na bi hannunsa da idon sana'a,
na ga ya bar rara a gefe.
Na ce a raina, wannan ya iya.

Bayan sati uku takarda ta zo daga Yamai,
gefen naman ya fito tsaf.
Bai ce na warke ba.
Ya ce saura magani, saura dawowa,
hoto ma akwai abin da ke ɓuya masa.

Yanzu hannun hagu ba ya kai igiyar shanya.
Rigata na ɗinka da aljihu ta ciki,
na cusa auduga.
Jiya Tsahara ta kawo leshi tana sauri,
na ce ɗaga shi wajen taga tukuna,
mu gani.