Takardar da Ke Aljihun Gaba

Kwana tara takardar likita tana aljihuna,
gumi ya cinye hatimin, ta yi laushi kamar dafaffiyar rama.
Kullum sai in ce gobe.
Yau Laraba, na jingine babur a gindin bedi,
bayan Kasuwar Dole, mangazar riɗi da wake.
Lebura na jera buhuna, Kiyari mai gadi na fifita shayi.

Hajiya Barira, ina da magana,
ba ta rance ba ce, ba ta ƙarin albashi ba.
Ta ɗaga tabarau, ta kife waya a kan tebur.

Na ce: hanyar Difa, shekara uku ke nan.
Mu goma sha huɗu muka shiga mota,
mu biyar muka dawo.
Kowa ya ce barka, na amsa har bakina ya gaji.
Gangar jikina ta iso Damagaram,
amma wani abu nawa yana can ƙarƙashin kujera,
fuska a ƙasa,
yana sauraren takalma suna zagaya motar.

Idan yaran nan suka saki ƙofar ƙarfe, gwaram,
ni ba a biro nake ba.
Alƙalami a hannu, lissafi a gaba,
warin taya mai ci da wuta a hanci.
Shi ya sa na rubuta buhu saba'in a wurin ɗari bakwai.
Shi ya sa kika tarar da ni tsugune bayan sikeli
na ce miki ciwon ciki ne.

An yi rubutu na sha, an yi turare na shaƙa.
Likita ta ce ciwo ne mai suna da magani:
firgicin da ya ƙi tashi bayan abin tsoro ya wuce.
Kunama ta daɗe da komawa rami,
dafin ne bai ji labari ba.

Ga roƙona. In zo bayan asuba,
kafin gari ya buɗe baki,
lokacin da babu kowa sai masu garuwa a bakin famfo,
in tashi da azahar, don barci sai da rana yake yarda da ni.
Alhamis, ranar kasuwa, in kwashi littattafai
in yi lissafin a gida, a Garin Malam.
Teburin nan kuma a juya shi ya kalli ƙofa.

Shiru.
Fanka ta yi juyi goma sha ɗaya, na ƙirga.
Na tuna kuɗin haya,
na tuna takalmin lakwal ɗin Nafisa da ya buɗe baki,
na ga abincina yana lilo kamar ƙwarya a kan tafki.

Ta ce: Mutari, Alhamis ce ranar da na fi buƙatar ka.
Sau biyu a wata, ban iya wuce nan ba.
Da asubar kuma, wa zai buɗe maka?
Ta jawo aljihun tebur, ta lalubo makulli mai jan zare,
ta turo shi ta kan rasiɗai.
Wata ɗaya, mu gani.
Mayar da takardarka, ni ban iya rubutun likitoci ba.

Ba ta ce wayyo ba, ba ta ce Allah sarki ba.
Na gode mata a zuci da ba ta ce ba.

Ta leƙa taga: Kiyari! A samo tsohon buhu
a naɗe bakin ƙofar nan, ta ishe ni da ƙara.
Ta ce ita ta isa.

Ni da Kiyari muka kama teburin.
Ƙafarsa ta ja siminti, ƙiii,
gabana ya faɗi, hannuna ya saki,
na nemi bango, na nemi numfashi,
na ji ƙanshin riɗi, riɗi ne kawai.
Kiyari bai tambaya ba, ya tsaya riƙe da gefensa.
Na sake kamawa.

Yanzu ina ganin mai shigowa tun daga bakin titi.
Makulli na aljihu ɗaya da takardar.
Gobe Alhamis,
ba ta cikin biyun da aka ba ni.